Na Hana Ɗan Farina Hanyar Fadama

Assalamu alaikum Anti Safara'u. Ina gaishe ki da aiki, ina gaida iyali da duk masu karanta wannan fili. Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin in rasa ɗana ina ji ina gani. Ni ba mai kai maganar gida waje ba ce, na sha yi wa mata faɗa a kan haka, amma yau abin ya fi ƙarfina.

Ni uwa ce mai 'ya'ya biyar, muna zaune a Ƙofar 'Yandaka cikin Katsina. Maganar a kan ɗan farina ce. Ba zan rubuta sunansa ba, don tun da na haife shi ban taɓa faɗarsa ba. Haka aka tarbiyyantar da mu. Ba na zama hira da shi, ba na haɗa ido da shi, in ya gaishe ni na amsa a taƙaice. In ina da magana sai in aika ƙanwar babansa, Gwaggo Sabuwa, wadda ita ta yaye shi. Matan yanzu da ke rungumar ɗan fari a gaban surukai har da ɗaukar hoto, ni ban ga abin burgewa a ciki ba.

Bara ya ɗauko babansa daga asibiti a Kano, shi ke tuƙi, tirela ta haɗu da su a hanya. Malam, maigidana, ya rasu nan take. Shi kuma ya karye a ƙafa. Ƙafar ta ɗoru, amma mutumin bai dawo ba. Ba ya shiga mota, ko Napep ba ya hawa. In aka danna hon a titi sai jikinsa ya ɗau rawa, gumi ya karyo masa. Ya bar koyarwar da yake yi. Namiji mai shekara ashirin da bakwai, amma Babbar Kasuwa ta gagare shi zuwa.

Likitan da ke gasa masa ƙafa ne ya ce ya riƙa hawa keke. Abokinsa Anas ya samo masa wani, ya kuma nuna masa wata fadama a bayan gari mai tsohuwar hanya wadda ruwa ya cinye gadarta, don haka mota ba ta bi, sai masu lambu da jakunansu. Da an idar da Asuba sai su bi lungu-lungu su fice kafin titi ya cika. Na sha jin yana ba ƙanwarsa Lailatu labari a tsakar gida, ni ina ɗaki ina saurare. Wai hanyar ta ratsa tsakiyar ruwa, ciyawar kacalla da bado hagu da dama, ga belbelu, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, ga kirinjijiya na tashi garke-garke. Wai ba ka jin komai sai sarƙar keke da kukan kwaɗi. Ya ce mata can ne kaɗai ƙarar ranar nan ba ta bin sa. Ya fara cin abinci, har dariyarsa na ji. Wannan ban musa ba.

Amma Anti, ki duba mini. Wane mai hankali ne ke fita bayan gari da duhun safiya a wannan zamani da ake ɗaukar mutane? Bakin ruwa kuwa kowa ya san ba wurin zuwa ba ne a irin wannan lokaci. Ga wani ɗan wando da yake sawa, gwiwa a waje, da hular kwano kamar ɗan acaɓa. Ɗan Malam guda! A gidan suna wata ta dube ni a cikin mata ta ce ta gan shi, Allah sarki, ashe abin har ya taɓa kai. A makon ne kuma aka yi ta raɗe-raɗin an ga baƙin fuska ta wannan yankin.

Na dawo na kira Gwaggo, na ce ta gaya masa raina ba ya son hawan keken nan, ya daina. Iyakar abin da na ce ke nan. Ita kuma don magana ta shige shi sai ta ƙara nata, ta ce uwarka ta ce in ka sake ɗora ƙafa a kan keke ba ta yafe maka ba, duniya da lahira. Daga baya Lailatu ta gaya mini. Ban ƙaryata ba, don ba a ƙaryata babba a gaban yara, kuma ai buƙata ta biya. Uwa tana da ikon hana ɗanta abin da take tsoro, ko ba haka ba?

Washegari ya turo keken ya jingine a ƙofar ɗakina, ya durƙusa ya ce Allah ya huci zuciyata. Ban ɗaga labule ba.

Tun daga nan ya koma ɗaki. Kwano yadda aka kai haka ake ɗaukowa. Sallah ma a ɗaki yake yi. Anas ya yi sallama har ya gaji. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar da ya yi wa Lailatu. Ya ce da shi ya tafi aka bar Baba da kowa ya huta, kuma ya san ni ma haka nake gani, shi ya sa tun rasuwar ba na iya kallonsa. Anti, ni da ban taɓa kallonsa a gaban mutane ba tun yana zanen goyo! Ashe duk watannin nan kunyata yake ɗauka a matsayin tuhuma.

Na aika Lailatu ta ce ya zo ya ɗauki kekensa. Ya ce maganar uwa ba ƙanwa ce ke ɗage ta ba. Gwaggo kuma ta ce in na janye na zubar da girmana da nata. In na bar shi ya koma fadama aka ɗauke shi, me zan ce wa Allah? In na bar shi a ɗaki, ina tsoron abin da ba na iya rubutawa. Kuma da wane baki zan fara magana da shi?

Uwar Biyar, Katsina

Wa alaikumus salam Uwar Biyar. Allah ya jiƙan Malam, ya ba ki haƙurin rashi.

Zan fara da abin da ba ya jira. Wanda ya daina ci, ya rufe kansa, yake cewa gara shi ya mutu, mara lafiya ne, kuma ciwon yana da magani. A kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa cikin makon nan. In mota ce matsala, Anas ya raka shi a ƙafa da sassafe, ko a roƙi likitan da ya san shi ya zo gida. Kafin nan kada a bar shi shi kaɗai tsawon yini, a kuma kwashe magunguna daga ɗakinsa. Zuwa wurin likitan nan ba hauka ba ne, matar gidan suna ta faɗi abin da ta ga dama.

Tsoronki gaskiya ne, ban raina shi ba. Kin binne miji, kina gudun binne ɗa. Amma kin duba haɗarin da ke bayan gari kin manta da wanda ke cikin gida. Ɗanki ya samo wa kansa hanyar da ba mota, ba hon, inda zuciyarsa ke kwanciya, har ya soma warkewa. Irin wannan ba a toshe shi, gyara shi ake yi. Ya jira gari ya waye sosai, lokacin da masu lambu suka fito. Kada ya tafi shi kaɗai, a san inda suka nufa, waya tana jikinsa. Anas ya riƙa tambayar mai unguwar yankin da manoman wurin halin da ake ciki, ranar da suka ce a dakata a dakata. In wurin ya lalace gaba ɗaya, a nemi wata hanyar mara mota kusa da gari. Wando kuwa tela zai ɗinka mai tsawo. Hular ki bar masa, ita ke tsare kai.

Saura babbar. Kunyar ɗan fari al'ada ce mai kyau, ni ma a cikinta na tashi. Amma al'ada ce, ba farilla ba, kuma an yi ta ne don girmamawa. Yau ɗanki yana karanta ta a matsayin kin ɗora masa mutuwar ubansa. Aike ne ya jawo wannan ɓarna, aike ba zai gyara ta ba. Ba ki rantse ba, ba ki yi masa baki ba, don haka ba abin da za ki janye. Gaskiya kawai za ki faɗa. Gwaggo ki same ta ku biyu, ki gode mata, ki ce ran yaro ya fi girman kowa a cikinku. Za ta ji haushi, za ta huce.

Kin tambaye ni da wane baki. Da naki, yau ɗin nan. In ba za ki iya shiga ba, ki tsaya a ƙofar ɗakinsa inda zai ji muryarki. Ba sai kin kira suna ba. Ki ce masa mutuwar babansa ajali ne, ba ki taɓa ganin laifinsa ba ko sau ɗaya. Ki ce ba ki taɓa hana shi yafiya ba, kin sa masa albarka, a gida da kan hanya. In kuka ya zo miki, ki bar shi ya ji. Bai taɓa jin kin yi kuka dominsa ba, kuma yana buƙatar ya ji.

Allah ya ba shi lafiya, ya tsare hanyarsa, ya sanyaya miki zuciya.

Anti Safara'u