Harafin “e” Shida da Aka Soke Mini a Jarrabawar Faransanci

Zuwa ga Shugabar cibiyar koyon harsuna da nake zuwa a Garki,

Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan aiki na tafiya lafiya.

Sunana Hadiza, ungozoma ce a wani asibiti a Gwarinpa. Na shiga ajinku na yamma ne saboda an sa sunana cikin ma'aikatan lafiya da za a tura Nijar, bisa sharaɗin in kawo takardar shaidar Faransanci kafin ƙarshen wata. Sau biyu na zo ofishinki aka ce kina taro, shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya. Darasin da ya fi ba ni wuya shi ne “futur antérieur”, wato aikin da zai kammala kafin wani ya zo. Mako biyu ina kallon allo kamar an rubuta da Sinanci. Sai malaminmu, wani dattijo ɗan Maraɗi, ya tambaye ni abin da nake ce wa likita in zai makara. Na ce, “Kafin ka iso na gama.” Ya ce to shi ke nan, “j'aurai fini”. Ashe kullum ina faɗinsa da Hausa ban sani ba. Ya kuma koya mana cewa kalmomi irin su zuwa, isowa da fita kalmar taimako ta “être” suke ɗauka, kuma mace tana ƙara “e” a ƙarshe: “je serai arrivée”, wato kafin lokacin na iso. Abin ya burge ni, a ce harshe ya gane mace ce ta iso ko da ba a ga fuskarta ba.

Na biyu. A jarrabawa an ba mu irin waɗannan jimloli shida. Na sa “e” ɗina a kowacce. Da takardata ta dawo, an soke duka shidan da jan biro, na faɗi, maki biyu kacal suka rage mini in ci.

Na uku, kuma nan ne mamakina yake. A saman takardar an buga “Monsieur Garba”, wato Malam Garba. Garba mahaifina ne, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa zama ajin Faransanci ba. Mai rajista ya ɗauki sunansa ya ba ni, mai dubawa kuma, wanda bai san ni ba, ya yi wa namiji hukunci daidai. Da na nuna wa mai rajistar, cewa ya yi, “Madam, haka system ya fitar.” To ina son in sani, wa ya shaida wa na'urar cewa ni namiji ne? Kuma mata nawa aka mai da maza a ajin nan suka koma gida suna zargin ƙwaƙwalwarsu?

Roƙona shi ne a gyara sunana, a ba wani malami takardar ya sake dubawa a cikin makon nan, domin ranar Litinin za a rufe jerin masu tafiya. A kuma duba takardun sauran matan ajin. In kuwa ni ce na yi kuskure, a zaunar da ni a nuna mini inda yake, zan koma benci in sake koyo ba tare da jin kunya ba.

Allah ya ƙara miki lafiya da basira, ya sa ki gama da cibiyar nan lafiya.

Wassalam.

Hadiza, ɗalibar ajin yamma,
Gwarinpa, Abuja.