An Ce Ka Zo Ba Ka Same Ni Ba

Zuwa ga Shugaban Zaure da mataimakansa, masu kula da zauren hirar 'yan Ikara, Makarfi da Kudan na intanet.

Salamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da fama da jama'a. Ya iyali, ya iyayenku, ya kuma haƙuri da mu tsofaffi da muka faɗo muku zaure da rana tsaka? Sunana Yohanna Gambo, mutumin Dandamisa, manomin rake har gwiwa ta ce ta gaji. Ni ne tsohon nan da kuka goge wa magana a makon jiya, kuka kuma kulle zancen. Na so in same ku a keɓe, amma tunda a bainar jama'a aka yi mini dariya, bari in kawo kukana a bainar jama'a.

Na ɗaya, abin da ya faru.

'Yata Rifkatu ce ta sayo mini wayar nan ta shafa, ta sa ni a zaurenku, wai in rage zaman shiru. Ta nuna mini inda ake rubuta kalma a nema. Na rubuta sunan garinmu, to me kuma zan nema? Sai ga wani tsohon zance ya fito, wanda aka buɗe wajen shekara takwas da suka wuce, mai taken "Wa ya tuna zamanin layi?" Na sa tabarau na bi shi a hankali, har can ƙarshe na ci karo da wannan:

"Ni ne Habu Dogo na Saulawa, ina Kurmi yanzu. Don Allah ko akwai wanda ya san Yohanna na Dandamisa, wanda muka yi aikin mazarƙwaila tare a injin da Gwamna ke ja? In yana raye a ce ina gaishe shi."

Ba wanda ya amsa masa, ko mutum ɗaya. Sai na rubuta masa amsa da yatsa ɗaya. Ashe in aka taɓa tsohon zance sama yake tasowa, gaban kowa. Kafin in gama shan koko yara sun yi mini caa. Wani ya ce, "Baba ya tono gawa." Wani ya liƙo hoton shebur. Zuwa azahar kun goge amsata, kun rufe zancen, kun aiko mini gargaɗi cewa dokar zaure ta hana tayar da maganar da ta kwanta, in ina da abin faɗa in buɗe sabuwa. Kun kuma sanar cewa kafin ƙarshen wata za ku share duk tsofaffin zantuka. Wannan sanarwar ce ta hana ni cin tuwo da daɗi.

Na biyu, wane ne Habu.

Ku 'ya'yana, yawancinku ba a haife ku ba lokacin. Soja ke mulki, gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, mu kuwa aljihun ma ba mu da shi. Sabulu sai layi, madara sai layi, sukari ya ɓace ɓat. Nan fa mazarƙwailarmu ta ƙauye ta yi daraja, har 'yan birnin da ke yatsina mata fuska suka koma jefa ta a shayi. Ni da Habu muna samari, muna aiki a injin wani dattijo a bakin fadamar garinmu. Shi ke tura rake a bakin injin, ni ke tsaye kan wuta ina juya ruwan raken a kasko har ya yi kauri a zuba a tasoshi.

Injin kuwa doki ke jan sa, wani tsohon kili. Habu ne ya raɗa masa Gwamna, wai don shi ke fara cin abinci kafin kowa, kuma ba ya sauri don kowa. A zamanin nan ba a ɗaga murya da irin wannan raha, sai mu matsa kusa da kunnensa mu ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a zagaya." Habu ya yi ta dariya har ya riƙe ciki.

Har yau in na lumshe ido da hantsi, can nake komawa. Dokin yana zagayawa, yana zagayawa, ƙarfen yana kuka a hankali. Tururi yana tashi fari daga kaskon, ya rufe Habu har sai dogon wuyansa da hularsa kawai nake gani. Ƙamshin ya cika fadama, ƙudan zuma na shawagi a kanmu ba sa harbin kowa. In azahar ta yi ya tafi salla, ni in riƙe masa doki. Ran Lahadi in na tafi coci, shi ya riƙe mini wuta. Ƙanzon da ya kama gindin kasko mu kankare mu raba biyu, mu zauna a kan tulin ɓawon rake muna tsotsa, muna lissafin matan da za mu aura da gonakin da za mu saya. Wani lokaci nakan rasa gane wanne na tuna, wanne na yi mafarkinsa, amma ƙamshin nan dai gaskiya ne.

Na uku, yadda muka rabu.

Taki ya yi tsada, dusar doki ta gagari mai injin, ya sayar da Gwamna. Aiki ya tsaya. Wata ranar kasuwa aka ce an kawo sabulu Makarfi, na hau keke na je na shiga layi, soja na tsaye da bulala yana daidaita mu. Na yini cur a rana, na dawo da sandar sabulu ɗaya. Ina jingine keke mahaifiyata ta ce, "Habu ya zo bai same ka ba. Ya jira har la'asar."

Kun san al'adarmu, ko in ce iyayenku sun sani. In mutum ya tako ƙofarka bai same ka ba, ba ka zama. Kai ma sai ka taka ka je ka ce masa, "An ce ka zo ba ka same ni ba." Washegari na tuƙa keke har Saulawa. Na tarar ya bi motar rake zuwa Kurmi, can Kudu, tun da safe, neman aiki. Ashe bankwana ya zo yi mini. Babu waya a lokacin. Sau ɗaya wani direba ya kawo gaisuwarsa, daga nan shiru. Iyayensa suka rasu, 'yan uwansa suka watse. Na yi aure, na aurar, na binne matata, zuwan nan na Habu yana nan ban mayar ba.

Yanzu ga shi ya sake zuwa, ya yi sallama a zaurenku, ya sake rasa ni. Na taso in amsa, kun rufe ƙofa.

Na huɗu, dokarku.

Ban ce dokar banza ba ce. Na ga masu tono rigimar zaɓe da ta gona wadda aka riga aka kashe, don kawai su hura wuta. Waɗannan ku kore su, ni ma zan riƙe muku sanda. Amma haba, 'ya'yana! Mai tono faɗa daban, mai amsa sallama daban. A garinmu wanda ya yi tafiya ya dawo bayan shekaru yakan shiga gidan da aka yi rashi ya yi gaisuwa, ba wanda ke ce masa ya makara. Tabarma ake shimfiɗa masa.

Kun ce in buɗe sabon zance. In buɗe wa wa? Rifkatu ta bayyana mini cewa in na amsa a ƙarƙashin maganarsa, saƙo zai iya zuwa masa ko ga wanda ya rubuta masa in wani ya sa, amma sabon zance ba zai san da shi ba. Na gwada aika masa a keɓe, aka ce sabon shiga ba shi da wannan damar. Bai bar lamba ba, bai faɗi gari ba, Kurmi kuwa faɗi gare ta. Layukan nan nasa su kaɗai ne hanyar da ta rage tsakanina da shi, su kuma kuke shirin sharewa. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba.

Na san shekara takwas ba kwana takwas ba ce. Habu ya girme ni. Mai yiwuwa ya canja waya, mai yiwuwa ya riga mu gidan gaskiya. Na yi wannan tunanin, na kuma yi kukansa. Ko da haka ne, ɗansa ko jikansa zai iya gani wata rana, ya san cewa tsohonsu bai yi sallama a kango ba.

Roƙona.

Ina roƙonku kada ku share wannan zancen. Ina roƙon ku gyara dokar, ta bambanta mai tayar da fitina da mai neman ɗan uwansa. Yaron da ya liƙo shebur kuma na yafe masa, Allah ya ba shi tsawon rai har ya nemi wani ya rasa inda zai same shi, sannan zai gane.

Babban roƙona shi ne ku buɗe mini zancen, ko na yini ɗaya ne. Ba dogon surutu zan yi ba, wancan ma da kuka goge ya yi tsawo. Layi ɗaya zan rubuta a ƙarƙashin nasa, daga nan ku mayar da kwaɗonku:

"Habu, an ce ka zo ba ka same ni ba. Ga ni na zo."

Allah ya yi muku albarka, ya raya muku zuriya, ya sa in kun yi sallama a ƙofar wani ku sami mai amsawa.

Wassalam.

Naku,
Yohanna Gambo, Dandamisa.