Tsarabar Yaya Munjiya

Mahadiya, Tunisiya

Ulfa 'yata,

Gaisuwa mai yawa. Ya mijinki da yara? Ni lafiya lau, sai gwiwa.

Takardarki ta iso. Na karanta da kyar, rubutunki ƙanana kamar sawun tururuwa. Na dai gane. Yaya Munjiya ta daina magana, tana kallonki kamar ba ita ta haife ki ba, kuma likitanku na Lyon ya ce a samo mata wani abu na gida ko za ta tuna. Kin ce in aiko tsaraba. Ga ta nan.

Kuma ki daina kuka a kan takarda, tawadar na narkewa.

Tun ina yarinya nake bin titin nan da ya taso daga Baƙar Ƙofa, tsohuwar ƙofar garinmu, ban taɓa tsayawa sayen tsaraba ba. Wa ke sayen tsarabar garinsu? Sai na bi bayan Turawa masu gajeren wando, ina kallon abin da suke kallo. Inda muke sayen gawayi a da, yanzu farantai ne masu zane. Shagon da marigayi mijina Tayyib yake ɗinkin ragar kifi, Lutfi ɗan maƙwabciyata ne a ciki, ya cika shi da raƙuma. Na roba, na katako, na tsumma. Me ya haɗa mu da raƙumi? Mu 'ya'yan masunta ne.

Yana ganina ya ce, "Inna Shadliya, ɓatan hanya kika yi?"

Na ce, "Tsaraba nake nema."

Ya rage murya. "Inna, wannan ba naki ba ne, na baƙi ne. Ki hau wajen Hashimi masaƙi."

Na ce, "Ashe kai ma ka san tarkace kake sayarwa."

Ya ce, "A hankali mana, Inna, Bajamushen nan yana jin Larabci."

Na hau wajen Hashimi. Na sayo mayafin siliki ja mai zaren zinari, irin wanda uwarki ta yafa ranar aurenta. In wannan bai tashe ta ba, ban san me zai tashe ta ba. Da zan wuce Lutfi ya jefa min raƙumin roba a jaka, wai kyauta. Ki ba yaranki su karya.

Ki gaida ta, ko ba ta amsa ba.

Innarki, Shadliya

*

Lyon

Zuwa ga Inna Shadliya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina addu'ar Allah ya ƙara miki lafiya. Saƙo ya iso, mun gode ƙwarai.

Na shimfiɗa wa Mama mayafin a cinya. Ta shafa shi, ta ninke, ta miƙa wa ma'aikaciyar jinya. Ba ta ce komai ba.

Amma wani abu ya faru. Ƙaramar 'yata ta manta raƙumin a kan gadon. Mama ta ɗauka, ta juya shi, ta ɗaure fuska. Sai na ji muryar da rabona da ita tun lokacin sanyi. Ta ce, "Wa ya sayo wannan? Shadliya ce. Ita ce kullum ake cuta a kasuwa. A aike ta sayen kifi, ta dawo da kai da ƙaya." Ta yi ta faɗa, har ta cinye abincinta tana faɗan.

Ki yi haƙuri, Inna, ba ta san abin da take faɗa ba. Washegari ta koma shiru. Ni dai har yanzu ba ta kira sunana ba. Ban san abin yi ba.

'Yarki mai biyayya, Ulfa

*

Mahadiya

Ulfa,

Ina gaisuwa. Haƙurin me? Ta san abin da take faɗa sarai. Tun muna yara aikinta ke nan. Maganar kifin kuwa sau ɗaya aka yi, kuma ita ta zaɓa, ni riƙe kwando kawai na yi.

Ni na yi wauta da na aika abu mai kyau. Uwarki ba ta taɓa buɗe baki don abu mai kyau ba. Yanzu na san maganinta.

Na koma wajen Lutfi na ce, "Ba ni abin da ya fi muni a shagon nan."

Ya ce, "Inna, rana ce ta buge ki?"

Na gaya masa dalili. Ya san ta, ta taɓa murɗe masa kunne a kan satar ɓaure. Sai ya leƙa waje ya ƙwala wa maƙwabtansa kira. Kafin in zauna titi ya taru, kowa na rantsuwa nasa ya fi muni. Mai faranti ya kawo agogo mai siffar kifi, ya ce, "Wallahi bai taɓa aiki ba, Inna." Mai huluna ya kawo jar hula da aka rubuta sunan garinmu ba daidai ba. Turawa suka tsaya suna ɗaukar hoto, sun ɗauka biki ake.

Lutfi ne ya cinye. Ya fito da wata kwalba mai ruwa, da Baƙar Ƙofa 'yar ƙarama a ciki. In kin girgiza sai dusar ƙanƙara ta riƙa zuba a kanta. Ƙanƙara, Ulfa. A Mahadiya.

Na ce nawa. Ya faɗi kuɗin da yake faɗa wa Turawa, don wasa. Na ciro na biya. Ya kusa kuka.

"Inna, ki taya mana! Don Allah ki taya. So kike uwata ta hana ni shiga gida?"

Na ce, "Ba na tayawa. Rubuta kuɗin a gindin kwalbar, da manya, yadda mai ciwon ido za ta gani."

Na saye duka ukun. Ga yadda za ki yi. Ɗaya bayan ɗaya za ki ba ta, kar ki zube mata gaba ɗaya. Kar ki kare ni. Ki ce, "Inna Shadliya ta ce araha ta samu." Sai ki matsa gefe.

Za ta yi magana. Na san yayata.

Shadliya

*

Lyon

Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa.

Agogon ya sa ta tsaki. Hular ta sa ta kira ki da wani suna da ba zan iya rubutawa ba. Jiya na ba ta kwalbar, na faɗi abin da kika ce. Ta girgiza, ta kalli ƙanƙarar tana sauka. Ta juya gindin ta ga kuɗin. Sai ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Ulfa, ɗauko biro."

Sunana ta kira, Inna.

Ga saƙonta, yadda ta faɗa: "Shadliya, ke dai har ki mutu ba za ki yi wayo ba. Kar ki ƙara sayen komai. Ki jira ni a bakin Ƙofa ranar Juma'a, mu je tare mu mayar wa mai shagon kayansa."

Likita ya ce ba za ta iya tafiya ba, kuma irin wannan farkawa za ta riƙa raguwa. Yau da safe ta tambaye ni ko kin amsa. Me zan ce mata?

'Yarki, Ulfa

*

Mahadiya

Ulfa,

Gaisuwa. Likita ya yi aikinsa, mu yi namu.

Ki ce mata na ji, kuma na ƙi. Kuɗina ne. In ta isa ta zo ta hana ni.

Ga wani ƙunshin tarkace nan tafe. Wannan yana waƙa.

Shadliya