Jirgin Kyari a Ƙofar Ruwa

Gwammaja, Kano

Abokina Shehu,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya gwiwar nan taka? Ya su Hajiya? Nidai Sabo garau nake, har yanzu in na taka ƙasa sai ta amsa.

Ka tuna oganmu Kyari, matuƙin jirgin yaƙin Mig ɗin da ni da kai muke wankewa muna sa wa mai lokacin yaƙin basasa? Idonsa ya tafi, jiki ma ya ƙi. Matarsa Kulu tace kullum maganarsa ɗaya, yanaso ya shafa jirginsa kafin ya mutu. Kasan bakina. Na bugi ƙirji nace ai nasan inda yake, ni da jirgin nan kamar wa da ƙani.

Shehu, wallahi ban sani ba. Nabi duk wanda na sani, ance tuni aka yanka shi aka auna a kilo. Amma naga wani dogon tankin ruwa a kasuwar Ƙofar Ruwa, sumul, da sanyi a hannu. Jibi zan kai Kyari wajen, in ce masa jirgin ne. Makaho dai ne. Kaga basira ko?

Naka,
Sabo

Abokina Shehu,

Gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ba lafiya ba.

Na kai shi a adaidaita, yasa tsohuwar hularsa ta soja. 'Yan kasuwa suka taru, dama na roƙe su suyi shiru. Ya ɗora hannu yana shafawa, sai yatsansa ya tsaya kan layin walda. Ya daɗe a wajen. Sannan ya miƙe tsaye ƙyam ya sara wa tankin, mutane harda tafi.

Sai a hanya ya gaya min a hankali cewa fatar jirginsa ƙananan ƙusoshi ne suka riƙe ta, ba walda ba, kuma ni na fi kowa sani tunda ni nake goge su. Yace ya sara ne dan kar a min dariya a kasuwa.

Kunya ta hana ni komawa gidansa. Kwana tara. Kulu ta aiko sau biyu wai yana cigiyata, nace mura nake.

Ranar Laraba aka kai shi makwancinsa. Na samu sallar, a sahun baya.

Ka sa shi a addu'a. Ni ma ka sa ni.

Naka,
Sabo