Tabon Girar Hagu

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya ke da maigida da yara. Yaya ciwon gwiwar? Mama da sauƙi, idon ne dai kullum yana ƙara ja da baya.

Wata magana ce ta tsaya mini a rai. Autanmu ya kawo wa Mama hoto mai kala, wai na mahaifiyarta ne da ta rasu wajen haihuwarta. Ya ce a akwatin gilasan hoto na Kaka, mahaifin Mama mai ɗaukar hoto, ya tsinto shi. Kin san tun muna yara ba ta da burin da ya wuce ganin fuskar nan. Ta rungume hoton, ta yi kuka har ta ba ni tausayi.

Ni kam hankalina bai kwanta ba. Da hannuna na goge gilasan nan lokacin da aka rushe shagon Kaka, ban ga mace a ciki ba. Na ce Auta ya nuna mini gilashin da aka wanko hoton, wai ya fashe. Ga shi aikinsa ke nan, yini a gaban kwamfuta yana sa na'urar nan mai ƙirƙirarriyar basira, AI, tana zana wa masu talla hotuna. Biri fa ya yi kama da mutum.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Sarkin Gardama

Yaya,

Bayan gaisuwa, na ji daɗin jin gwiwar ta lafa. Kin ce zargi ya yi mini yawa. To saurara.

Kin tuna yadda Kaka yake aiki, irin na mutanen farko? Sau uku yake ɗaukar hoto ɗaya, ta jan gilashi, da kore, da shuɗi, sannan ya haɗa su. Duk abin da ya motsa a tsakani sai ya fito da bakan gizo a gefensa, shi ya sa yake sa mutane su riƙe numfashi. A hotunansa ganye da yara ne ke da wannan gefen. A na Auta har bango da kujera suna da shi. Bango ma ya motsa ke nan!

Ba wannan ne ya ɗaga mini hankali ba. Matar tana da tabo a girar hagu. Tabona ne, Yaya, na ranar da na faɗa kan dutsen guga. Yaushe aka fara gadon tabo, balle kaka ta gada a wurin jika?

Na tsare Auta a kicin. Ƙato da shi, sai ga hawaye. Hotona ya ba na'urar, don Mama ta sha cewa dangi sun ce ni na ɗauko kamannin mahaifiyarta. Likita ya gaya masa ganinta ya kusa tafiya, shi ne ya so ta ga uwarta tukuna. Ya roƙe ni in yi shiru. Raina ya ɓaci ƙwarai. Gobe zan faɗa mata.

Taki,
Sarkin Gardama

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya.

Na shiga ɗakin Mama da maganar a bakina. Kafin in fara, ta sa na zauna a bakin taga inda haske yake, ta ce kada in motsa. Ta daɗe tana kallona. Ta shafa girata da babban yatsa, sannan ta shafa ta matar hoton, daidai wurin. Ita ce fa ta danne mini ciwon nan da gefen zaninta ranar da na faɗi. Abin da ta ce kawai a rataye mata hoton a saman gado.

Yanzu ita nake zargi. Anya ba tun ranar farko ta gane ba?

Ban faɗa mata ba, kuma kada ki faɗa. Tun ranar ba ta sake kiran sunana ba. Inna take ce mini, ni kuma ina amsawa.

Ƙanwarki mai kewarki,
Sarkin Gardama