Ragon da Ke Shan Maganinka

Baban Na'ima,

Na tafi farmasi a Ridina in sayo maka wani maganin, ban tashe ka ba.

Ɗazu na je ba rago dusa, sai ga ƙwayoyin ciwon ƙafarka a ciki. Ashe dabarar da kake ta yi min alfahari da ita ke nan! Likita ya ce nama ke ƙara maka asid urik, sinadarin da ke kumbura maka ƙafa, shi ne kake ba ragon maganin, wai in ka yanka ka ci hanta lafiya lau.

Saura ƙwaya ɗaya, tana kusa da butarka. Ka sha da ruwa mai yawa. Kai, ba shi ba.

Ragon kam garau yake, har katanga yake tsallakewa. Kai ko takalmi ka kasa sawa.

Khalida