Faccalata Ta Fi Ni Hannu, Ana So A Ba Ta Ɗana

Inna Hajara, don Allah ki agaza mini da shawara, kaina ya ɗaure.

Ni matar aure ce a Birni, ɗana ɗaya, bana ya shiga lakwal, wato makarantar boko. Ran Lahadi muka tafi Mirriya gida guda, garkar kawun maigidana, wato lambunsa, har da surukata. Akwai faccalata Zuliha, matar wan mijina, mai 'ya'ya huɗu. Matar nan sai dai a ce tubarkalla. Ga goyo a baya, hannu ɗaya na kwaɗa zogale, ɗayan na korar awaki daga tabarma, tana raba faɗan yara kan mangwaro, kuma hirarta da surukarmu ba ta yanke ba. Ni kuwa ruwan sha kawai aka ce in riƙe, shi ma na manta shi a mota. Wallahi ba hassada nake ba, burge ni take yi.

Ana cikin haka yarona ya bi ƙadangare har bakin rijiyar garkar. Na gan shi sarai. Amma kin san ɗan fari, ga surukata a gefena, kunya ta hana ni kiran sunansa. Sai "kai, kai" nake yi, ga yara birjik, ba wanda ya san da shi nake. Zuliha ce ta ƙwala masa kira, ta zabura da goyonta ta cafko rigarsa. Ta wanke masa gwiwa, ta ba shi rake, ta koma kan kwaɗonta kamar ba a yi komai ba.

Yanzu surukata ta ce a ba Zuliha riƙonsa, wai hannunta ya fi sanin yara. Maigidana bai ce a'a ba. Ni ba a ma tambaye ni ba, tunda uwa ba ta sa baki kan ɗan fari. Ina ƙaunar Zuliha, amma ina son ɗana, ba zan iya rabuwa da shi ba. Yaya zan yi?

Uwar ɗa ɗaya, Birni

'Yata,

Ki fara da gode wa Allah, sannan ki taka har ɗakin Zuliha ki gode mata, ta cancanta. Amma ki daina auna kanki da ita. Ba da wannan hannun aka haife ta ba, goyo huɗu ne ya koya mata. Kuma yaron ba ɗan farinta ba ne, bakinta a sake yake.

Kunyar ɗan fari tarbiyya ce, ban raina ta ba, sai dai ba a yin ta a bakin rijiya. A nan kin yi kuskure. Ki sa masa laƙabin da za ki iya kira da ƙarfi a gaban kowa.

Surukarki ba ƙin ki take ba, tsorata ta yi, kuma riƙo zumunci ne. Amma ba dole ba ne, ita ma Zuliha ban ji an tambaye ta ko tana da wurin na biyar ba. Ki sami maigidanki ku biyu, ki faɗa masa ƙarara cewa ba ki yarda ba, shi ya kai wa mahaifiyarsa maganar cikin ladabi. Yaron ya riƙa zuwa wurin Zuliha hutun lakwal, kowa ya samu.

Kada ki jinkirta. In kika yi shiru, za a ɗaure kayansa a tafi da shi, kowa kuma ya yaba miki kunya. Allah ya raya miki shi a gabanki.

Inna Hajara